Tirakar da Ban Cire Ba

Shekarar da satar motoci ta yi yawa a bakin kasuwanni, na kai motata Sakkwato aka sa mata tiraka. Mota ce 'yar Kwatano, ruwan toka, wadda na daɗe ina burin mallaka, don haka ko akuya ta goga jikinta sai na fito na duba. Mai wayarin ɗin da ya yi aikin ya kwance wani murfi a ƙarƙashin sitiyari, ya cusa ɗan baƙin abu wanda bai fi kwalin ashana ba, ya sa masa layin waya, ya naɗe da salatif. Sannan ya karɓi wayata ya saka mini manhajar kamfanin. Ya nuna mini motar a taswira, ɗigo ne shuɗi. Ga gudun da take yi, ga lokacin da aka tayar da ita, ga lokacin da aka kashe. Ya ce in an sace ta, daga inda nake zaune zan iya kashe injin. Har na buɗe ƙofa zan shiga, ya ƙara da cewa in na kira layin da ke cikin abin ba zai yi ƙara ba, amma zan ji duk maganar da ake yi a cikin motar. Na ce masa wannan ba ni da buƙatarsa.

Shekara biyu na yi da motar, ba wanda ya taɓa ta. Da aikin ginin gidana ya tsaya a linta, na yanke shawarar in sayar da ita in yi rufi, tunda ofishinmu a nan cikin Tambuwal yake, ko a ƙafa ina zuwa. Wanda ya saya abokina ne, mutumin Kebbe. Tare muka yi makarantar kwana, gadonsa a sama nawa a ƙasa, shekara biyar. Da muka gama ni na ci gaba da karatu na zama ma'aikaci, shi ya koma sana'ar mahaifinsu ta hatsi. Yana sayen gero da dawa a Fakku da ƙauyukan da ke kewaye, ya tara a sito, ya ɗora wa manyan motoci. Dogo ne, maganarsa kaɗan, kuma ban taɓa jin ya kai ƙarar wani wurin wani ba. Duk lokacin da hanya ta biyo da shi Tambuwal sai ya tsaya gidana, ko da na minti goma ne, ya ajiye wa iyalina abin da ya samu, mu sha shayi a zaure ya wuce.

Ranar cinikin na ba shi makulli biyu, da takardu, da jak, da tayar ajiya. Ban ba shi labarin tiraka ba. A wannan ranar mantuwa ce ta gaskiya, wannan kam zan iya rantsuwa a kai.

Bayan kwana uku ina zaune a ofis wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo cewa an tayar da injin. Na buɗe manhajar, ga ɗigon a tsakiyar Kebbe, yana tafiya a hankali ya nufi kasuwa. Na yi murmushi, na ce bari in kira shi in gaya masa ya kai a cire, ko in sauya masa lambar sirrin ta koma hannunsa. Sai aka kira ni taro. Washegari na sake tunawa, na sake buɗewa, na kuma sake cewa anjima. A cikin mako guda na samo wa kaina hujja. Hanyar Kebbe ba lafiya gare ta ba, mutum yana yawo ƙauyuka da mota mai kyau, in wani abu ya same shi ai gara a ce akwai wanda ya san inda yake. Na riƙe wannan hujjar sosai, amma ban taɓa tambayar kaina me ya sa, in don kariyarsa ne, nake ɓoye masa ba.

Abin ya zama mini kamar sauraron labarai. In na dawo masallaci da safe, kafin a kawo koko, sai na duba. In aiki ya yi sauƙi a ofis, sai na duba. Na san ranakun da yake cin kasuwa da inda yake ajiye mota. Na san ba ya gudu, ko a kwalta mai kyau. Na san akwai wani wuri a Dogon Daji da yake tsayawa minti goma sha biyar in zai je Sakkwato sayayya, na kuma gane wurin mai tsire ne, don ni na fara kai shi can. Wata rana na kira shi muna gaisawa, na ce yana ina, ya ce yana gida, alhali motar tana Fakku. Na ji haushi har cikin raina, na wuni ina cewa ashe yana yi mini ƙarya. Sai da yamma ta yi na tuna cewa mutum yana iya ba da aron motarsa.

Bayan wata biyu ɗigon ya tsaya cak a wuri ɗaya, kwana biyu bai motsa ba. Na gane datar layin ce ta ƙare. Da na bar shi haka, da maganar ta mutu da kanta, ba wanda zai taɓa sani. Na fita bakin titi na sayi kati na loda wa layin. Daga wannan ranar ba ni da ikon kiran abin mantuwa.

A nan ne na lura da Laraba. Duk bayan mako biyu, ranar Laraba, motar takan tashi daga Kebbe da sassafe. Takan shigo Tambuwal ta wuce bakin layinmu ba ta tsaya ba, ta bi ta Dogon Daji ba ta tsaya wurin mai tsire ba, ta ratsa Sakkwato ta yi arewa, ta je wani wuri ta yi awa huɗu ko biyar. Na farko ban damu ba. Na biyu na ji zafin wucewar da yake yi ta ƙofata. Na uku na buɗa taswirar da yatsu biyu har sunan wurin ya fito. Asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa ne.

Na yi ta juya abin. Shi ne? Matarsa ce? Ɗaya daga cikin 'ya'yansa? A waya muryarsa lafiya lau, ba abin da ya sauya. Ina da lambarsa, ina da shekara talatin na abota da shi, zan iya tambaya. Amma in na tambaya sai na faɗi yadda na sani.

Wata Laraba bayan azahar, abokan aikina sun fita cin abinci, ni kaɗai a ofis, fanka tana juyawa. Ɗigon yana kan hanyar dawowa, ya kusa Dogon Daji. Damina ce, dawa ta yi tsayi ta rufe gefen hanya. Na nemo lambar layin tirakar, na daɗe ina kallonta, sannan na danna.

Da farko ƙarar inji kawai na ji, da karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa daga rediyon motar. Sai muryar wani dattijo, tana rawa.

"Kada ka tsaya. Suna nan cikin dawa, na gane su."

"Yaya, babu kowa," in ji abokina. "Dawa ce kawai, ta mutanen Dogon Daji. Duba, ga mata can suna tahiya. Ga ni nan tare da kai. Sha ruwa."

"Ka ce ba ka tsayawa."

"Ba ni tsayawa, Yaya. Sai gida."

Sai dattijon ya fara kuka, irin kukan babban mutum wanda yake ƙoƙarin danne shi ya kasa. Na san muryar. Yayan abokina ne, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Malami ne, shi ke jan salla a masallacin unguwarsu, bayan la'asar kuma magidanta su zauna a zaurensa su ɗauki karatu. A daminar da ta gabata masu garkuwa sun ɗauke shi a gona, ya yi makonni a daji kafin ya dawo. Mun je masa barka, ni da wasu abokai. Ya zauna a kan buzu ya amsa gaisuwar kowa, ya rame amma yana murmushi, muka fito muna cewa Malam ya dawo lafiya.

Na katse kiran. Na je na yi alwala duk da ina da ita. Na yi istigfari a ranar, na yi alkawarin ba zan sake kiran layin ba, kuma ban sake ba. Amma manhajar ban goge ta ba.

Ina da yaya mace a nan Tambuwal, ita ta goya ni. Babban ɗanta malamin makaranta ne, ya haɗu da 'yar abokina a kwalejin da ta yi karatu, suka fahimci juna, har magana ta kai ga manya. Kowa ya yi murna, ni na fi kowa. Wata Juma'a da yamma Yaya ta zo gidana, ta zauna a tabarma a tsakar gida, matata ta kawo mata fura ta koma ɗaki.

"Kai ka san gidan nan ciki da waje," in ji ta. "Uban yaron ya ce in tambaye ka kafin su aika. Mi kas sani?"

Na yabi gidan, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Mutanen kirki, masu karatu, masu rufin asiri, yarinyar tun tana ƙarama na san ta da natsuwa.

"To alhamdu lillahi. Babu wani ciwo cikin dangin? Ka san mutanen gidanmu da bin diddigi."

Da na ce ban sani ba, da ta shanye furarta ta tafi. Na sha tambayar kaina me ya buɗe bakina. Ba ƙiyayya ba ce, ba kuma tsoron a cuci ɗanta ba ne, don na san ciwon Malam ba na gado ba ne. Abin da na iya ganowa shi ne wata uku ina ɗauke da labarin da ba wanda ya sani sai ni, yana yi mini nauyi yana kuma yi mini daɗi, ga wadda ta zo ta zauna a gabana tana cewa ni ne na sani.

"Sai dai yayan uban yarinyar," na ce. "Shina ganin likitan ƙwaƙwalwa. Duk mako biyu ake kai shi."

Ta ajiye ludayi. "Malam? Mai jan salla? Wa yag gaya maka?"

"Na dai sani. Amma Yaya, ki gane, wahalar dajin nan ce. Ba wani abu ba ne da anka gada. Kuma wagga magana tsakaninmu ce."

"Wa za ni gaya ma?" in ji ta.

Mijinta ta gaya wa, kuma ba zan ga laifinta ba, shi ya aiko ta. Shi ya gaya wa 'yan'uwansa. Su kuma ba su tsaya kan bayanin daji ba, kalmar ƙwaƙwalwa kaɗai suka riƙe. Suka tura wani mutum Kebbe ya bincika, mutumin kuwa ya je ya tsaya a ƙofar masallacin da Malam ke jan salla yana tambayar mutane ko gaskiya ne limaminsu ya taɓu. Kafin mako ya zagayo Yaya ta aiko mini cewa an dakatar da maganar auren sai an ga hali.

Larabar da ta biyo baya na buɗe manhajar da safe. Motar tana ƙofar gida a Kebbe. Na duba da hantsi, tana nan. Bayan mako biyu ma haka. Na san abin da hakan ke nufi, kuma ta hanyar da na yi ɓarnar, ta nan nake kallon sakamakonta.

Ranar wata Asabar da hantsi abokina ya yi sallama a ƙofata. Na riga na san yana tafe, tun fitowarsa daga Kebbe nake kallonsa. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na hura gawayi na ɗora shayi. Ya faɗa, idanunsa sun zurma. Bai taɓa kawo mini kuka ba tun muna yara, ranar ya kawo.

Ya ba ni labarin da na riga na sani, daga farko, ni kuma ina gyaɗa kai kamar yau na fara ji. Ya ce tun dawowar Malam ba ya barci sosai, ba ya iya bin hanyar da shuka ta rufe, kullum gani yake ana bin sa. Ya ce da magani da zaman da likita ke yi da shi, sauƙi ya fara samuwa, har ya koma leƙa gonar da ke kusa da gari.

"Wata biyar likita shina lallashinai, shina ce mai babu mai bin ka, babu mai saurarenka. Ya fara yarda. Yanzu ya ce mani, to in babu mai bin mu, ƙaƙa anka sani?"

Na zuba shayi a kofi, rabinsa ya zube a faranti.

Ya ce wasu sun fara canza masallaci. Ba wanda ya ce wa Malam komai, amma ya lura sahu ya ragu, ya kira na'ibinsa ya miƙa masa limanci. Ya rufe karatun la'asar. Motar kuwa ya ce ko kusa da ita ba zai sake zuwa ba. Yarinyar tana ɗaki, ba ta cin abinci sosai.

"Mu uku munka sani," in ji shi. "Ni, da matar Yaya, da maƙwabcina malamin asibiti, wanda yab ba mu shawarar inda za mu. Matar Yaya ba ta fita. To wa ya rage? Na same shi na faɗa mai magana mai zafi. Ya rantse, ban yarda ba. Shekara ashirin katangarmu ɗaya, yau kwana tara ba mu gaisa ba."

Wayar tana aljihuna, motar tana ƙofar zauren, ina hango gilashinta daga inda nake zaune. Na ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya tona asirin mai yi. Da bakina na faɗi haka. Ya ce amin, ya sha shayinsa, ya gode mini da na saurare shi, ya tafi.

Da na shiga ciki matata tana tankaɗe a tsakar gida. Zauren namu ba shi da nisa, ta ji komai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Maigida, motar wa kaka kallo kullum cikin waya?"

Na tsaya a inda nake, ita kuwa ta ci gaba.

"Na daɗe ina gani. Na zaci ko kewar motar ce." Ta buga rariya a gefen kwano. "Akwai bawan Allah can da anka daina gaisuwa da shi, bai ci ba bai sha ba."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ba ta sake tayar da maganar ba. Kwana huɗu na yi ina shirya kalmomi. Na shirya wata magana wadda za ta nuna mantuwa ce, na shirya wata wadda za ta jingina abin ga Yaya da mutanen gidanta. Na yi tunanin in goge manhajar kawai in bar lokaci ya binne zancen. Amma duk wadda na ɗauka sai in tuna da maƙwabcin nan, wanda ko fuskarsa ban sani ba.

Ranar Alhamis na nemi izini a ofis na shiga motar haya zuwa Kebbe. Na same shi a sito, shi kaɗai, yana zaune kan buhun gero yana ɗinke bakin wani. Ya yi mamakin ganina, ya tashi zai aika a kawo abinci. Na ce ya zauna. Na buɗe manhajar na miƙa masa wayar, don duk maganar da na shirya ta gudu.

Ya daɗe yana kallo. Ɗigon yana nan a ƙofar siton, taku goma daga inda muke. Na nuna masa inda ake ganin tafiye-tafiyen baya, ya riƙa ja da yatsa, rana bayan rana, wata bayan wata. Ya tsaya a kan wata Laraba.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ba ka makulli. Da farko mantuwa ce. Daga baya ba mantuwa ba ce."

"Kai kag gaya ma yayarka."

"Ni ne."

"Taswira ba ta faɗin wa ke cikin mota. Ƙaƙa kas san Yaya ne?"

Wannan ce tambayar da na fi tsoro. Na gaya masa abin yana ɗaukar magana, na kira sau ɗaya. Ya ce me na ji. Na faɗa masa, har da ruwan da ya ce a sha. Ya kife wayar a kan buhu, ya ɗauki basillar da yake ɗinki da ita ya riƙe, yana kallon ƙasa. Na so a ce ya zage ni.

"Da ka tambaye ni da na gaya maka," in ji shi daga baya. "Kullum in mun kawo bakin layinku sai in ji kamar in karya sitiyari in shigo, in samu wanda nika faɗa ma. Yaya ne ba ya son a tsaya."

Na ce ya yafe mini. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Tashi mu tai."

Gidan maƙwabcin muka je. Ya fito da farar rigar aiki a hannu, gajere ne mai furfura a gemu, da ya ga abokina sai fuskarsa ta ɗaure. Abokina ya gaishe shi ya ce, "Wanga shina da magana." Na tsaya a rana a ƙofar gidan mutumin da ban taɓa gani ba na faɗi abin da na yi tun daga farko. Da na gama, abokina ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce ya zalunce shi, ya yafe masa. Mutumin ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya tambayi jikin Malam, suka yi magana kan yadda za a samo masa maganinsa kafin ya yarda ya koma. Ni bai sake kallona ba har muka bar wurin.

A hanya na ce ina so in ga Malam in nemi gafararsa. Abokina ya tsaya.

"A'a. Mutumin da anka sha wahala kafin ya yarda babu mai saurarenai, kai za ka je ka ce mai akwai? In ya ji wagga magana, babu likitan da za ya sake yarda da shi. Ba za ka faɗa mai ba, yau ko gobe. Wanga ka riƙe shi."

Daga nan muka kai motar wurin wani mai wayarin a bakin tasha. Cikin minti kaɗan ya zaro abin, ya yanke wayoyin, ya miƙa wa abokina. Ya juya shi a tafin hannu, ya cire layin ya karya, ya ba ni kwankon. Ban san me zan yi da shi ba, na sa a aljihu. Na kira wanda ya sa mini shi a Sakkwato na ce ina so a share duk tafiye-tafiyen da aka tara. Ya ce shi ba zai iya ba, bayanan ba a wayata suke ba, suna can cikin kwamfutocin kamfanin a ƙasar waje, goge manhaja ba ya goge su. Ya ce shi ma daga shagonsa yana iya ganin duk motocin da ya sa wa, in ya ga dama. Na maimaita wa abokina abin da ya ce. Ya gyaɗa kai kawai. Na goge manhajar a gabansa, ya raka ni cikin tasha, ya jira har motarmu ta cika.

Na je na sami Yaya da mijinta na gaya musu yadda na samu labarin, na roƙe su a mayar da maganar auren. Bayan 'yan makonni suka sauko, suka aika. Abokina ne ya ƙi. Ya ce ba ya riƙe kowa a zuciya, amma ba zai kai 'yarsa gidan da aka tura mutum ƙofar masallaci ya tambayi hankalin yayansa ba. Yarinyar ta yi aure bayan shekara guda, can wajen Jega, na ji tana zaune lafiya. Ɗan Yaya ya san ni ne sila. Yana gaishe ni da ladabi in mun haɗu, ya durƙusa kamar da, amma ya daina zuwa hira gidana.

Malam ya yarda ya koma asibiti bayan kaka, da aka girbe dawa hanya ta buɗe. A motar haya suke zuwa, shi da ƙanensa da maƙwabcin nan. Motar tawa ta da abokina ya sayar da ita ga wani baƙo. Limanci dai Malam bai karɓa ba har yau, amma na ji ya buɗe karatun la'asar da mutum huɗu ko biyar. Ni da abokina muna gaisawa a waya ranar Salla, in an yi rasuwa muna zuwa wa juna. In ya biyo ta Tambuwal ban sani ba, kuma ba ya tsayawa.

Bara na je Kebbe sunan jikan abokina. Bayan an yi addu'a an raba goro, ina neman takalmina a bakin zaure, sai na ji an kama hannuna. Malam ne, ya ɗan yi ƙiba, gemunsa ya yi fari tas. Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ginin ko an gama. Ya ce ƙanensa ba shi da aboki irina, tun suna yara yake jin sunana a gidansu, Allah ya bar zumunci, Allah ya rufa mini asiri duniya da lahira. Abokina yana tsaye a gefensa da farantin goro, yana kallon ƙasa. Na ce amin, Malam, na gode. Ya riƙe hannuna har bakin hanya kafin ya sake ni.